Tsanwar Tanna

A Tawa in ka ce kana neman Alƙasum Attaher sai a yi ta kallonka, amma in ka ce Mushe Desan har mai sayar da ruwan sanyi a tasha zai nuna maka ƙofar gidansa. Mushe shi ne malami, Desan kuwa darasin zane, a bakin 'yan lakwal, wato makarantar boko, kuma Alƙasum ne ya koyar da shi shekara da shekaru a wata kwalejin gwamnati da ke gefen gari, awa ɗaya a mako ga kowane aji. Dogo ne siriri, rigarsa ba ta rabo da tabo, kuma kullum yana tafiya kansa a ƙasa. Mutane sun ɗauka kunya ce ko yawan tunani. Ba ko ɗaya, duwatsu yake dubawa.

A Barmu aka haife shi, a gidan maƙera masu jin Tamashek a cikin gida da Hausa a kasuwa. Mahaifinsa Attaher yana ƙera wuƙaƙe da zobba da kwaɗon kulle jaka, yana yi musu ado da tagulla. Mahaifiyarsa Tanna kuwa dukanci take yi, kamar sauran matan maƙera, tana ɗinka jakunkuna da matasai da kube. Masu ɗinki suna da yawa a Barmu, amma abin da aka san Tanna da shi daban ne, wato tsanwa. Kore ne mai ɗan shuɗi-shuɗi, mai sanyi a ido, irin wanda ake yanka ƙanana ana liƙawa a jikin jaka ya fito da ja da baƙi. Har daga Kalfu mata ke zuwa neman fatar da ta rina. Kullum da la'asar sai ta durƙusa ƙarƙashin magagarin mijinta ta share garin tagullar da ya zuba, ta ƙulle a tsumma, domin daga nan tsanwar ke farawa. Saboda haka hannuwanta kullum kore suke, cikin farata da duk tsagar tafin hannu, sabulu bai taɓa fitar da shi ba.

Da aka zo ɗibar yara lakwal, manyan gari suka ɓoye nasu suka miƙa ɗan maƙeri, haka ake yi a lokacin. Yaron ya yi ƙoƙari har aka wuce da shi Tawa. A can ne abin ya faru, abin da ya bi shi har furfura. Wata ranar kasuwa Tanna ta biyo ayari ta zo ganinsa, da ƙullin cuku da dabino. Ta same shi a filin makaranta cikin abokansa, murna ta kama ta, ta riƙe fuskarsa da hannu biyu. Sai wani yaro ya ce a zo a ga hannun hawainiya, sauran suka kwashe da dariya. Alƙasum ya zame kansa, ya sa bakin rigarsa ya goge kumatunsa, a gabanta, tana kallo. Ta ajiye masa ƙullin a ƙasa ta tambaye shi ko yana ƙoshi. Daga ranar duk zuwan da ta yi, hannuwanta na cikin mayafi har ta tafi.

Ya yi niyyar ba ta haƙuri, wallahi ya yi. Amma ka san yaro da gobe-gobe, sai ya zama saurayi mai jin nauyin tayar da tsohon zance. Shekarar babbar yunwa, yana makarantar horon malamai a Damagaram, Tanna ta rasu, kuma takardar ba ta iske shi ba sai bayan mako uku. Ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Shekaru suna tafiya fuskarta tana gushe masa, har ya kai in ya rufe ido ba ya samun hancinta balle bakinta. Hannuwan ne kawai suka ƙi tafiya, yana ganinsu sarai har da ɗan tabon wuƙa a babban yatsa.

Farkon aikinsa dai babu laifi. Duk buɗe makaranta akwati ke zuwa daga Yamai, cike da fenti a 'yan bututu da buroshi da takardar zane mai kauri. Alƙasum yana riƙe mabuɗin a wuyansa, yana matsa wa kowane ɗalibi fenti kamar mai raba magani. In ka bar buroshi bai wanku ba, sai ka gwammace ka zagi dirakta. Koren da ke cikin bututun ba irin na Tanna ba ne, amma yana aikin ganye, shi kuma bai ce wa kowa komai ba.

Sai zamani ya juya. Aka yi babban taron ƙasa, jam'iyyu suka fito kamar ciyawar farkon damina, kowa na magana a rediyo, albashi kuwa ya koma baƙo, sai ya ga dama yake zuwa. Yau malamai na yajin aiki, gobe ɗalibai ne a kan titi. Akwatin Yamai ya fara zuwa rabi, sannan ya zo da alli kawai, sannan ya daina zuwa. Da aka karya darajar kuɗin sefa, bututun fenti guda a kantin gari ya zama abin kallo ta gilashi. Dirakta ya kira shi ofis ya ce masa, cikin ladabi, tunda babu kaya ko a ba wa malamin lissafi awar zane. Alƙasum ya ce a ba shi mako biyu.

Nan ne tafiya da kai a ƙasa ta yi rana. Ya fita bayan gari ya hau tudun duwatsu da buhu, ya dawo da jan dutse mai laushi da wani ruwan ɗorawa, ya haƙo farar ƙasa a bakin wani kwari. Ya daka su a turmin matarsa Jummai, ya tankaɗe da rariyarta. Jummai ta tsaya riƙe da ƙugu tana kallonsa.

"Malam, in gobe tuwo ya fito ja, kar in ji wata magana."

"Ja ai ya fi kyau a faranti," in ji shi.

"To ka ci kyau ka ƙoshi."

Ita ce kuma ta nuna masa ya jiƙa ƙaro ya dama garin da shi don ya kama takarda, yadda malamai ke haɗa tawada. Baƙi ya samo daga baƙin bayan tukunya, shuɗi daga baba a wurin marina, wani jan kuma mai duhu daga karan dafi. Buroshi kuwa, gashin wutsiyar akuya ya roƙo a mahauta, ya ɗaure a gashin zabo, wasu kuma kaba ce aka tauna bakinta. Gwangwanayen tumatir suka zama mazubi. Takarda ma Allah ya kawo ta ta inda ba a zata ba. Bayan zaɓe an bar tulin ƙuri'un da ba a yi amfani da su ba, da manyan takardun kamfe da rana ta koɗar, bayansu fari fes. Ya bi gari yana tattarawa, ba ruwansa da ta wace jam'iyya ce, ya ce duk bayansu ɗaya ne.

Darasin ya ma fi da daɗi, in za a faɗi gaskiya. Aji mai mutum tamanin, kowa da aikinsa: wasu na niƙa dutse, wasu na tace ƙaro, wasu na feƙe gawayi. Yakan fitar da su gindin bedi, wato darbejiya, ya ce su zana inuwar kawai, kar su zana itacen. Yakan ce kowa ya zo da abu guda daga gida, ludayi ko faifai ko tsohon takalmi, ya ajiye a gabansa ya kalle shi minti biyar ba tare da ya taɓa gawayi ba. Wanda ya zana gida mai bututun hayaƙi irin na littafin Faransanci, sai Mushe ya tambaye shi a wace unguwa ta Tawa ya gan shi, ko za a je ziyara. Yaran da ke gudun awar lissafi sai ga su sun dawo ta taga in an buga ƙararrawar zane.

Abu ɗaya ya gagara. Wata rana ya ce a zana gonar gida, sai wata ɗaliba mai suna Mansura ta ɗaga hannu.

"Mushe, da mi za mu yi ganye?"

Ya ce mata ta bar gurbin fari tukuna.

Babu abin da bai gwada ba. Ya daka ganyen zogale, ya daka na bedi, ranar farko kore shar, kwana uku sun koma kalar taba. Ya haɗa baba da ruwan ɗorawa, abin ya fito kamar miyar kukar da ta kwana. Ya sayi ɗan ƙullin galura a wurin wani ɗan kasuwa da ke sarowa daga Kwanni, irin rinin kanti, ya dama ya shafa. Kore ne kam, amma koren bokitin roba, kuma ko aji ɗaya bai isa ba. Ya zauna yana kallon takardar, ransa ba daɗi, sai ya gane ba ganye yake nema ba tun farko. Tsanwar uwarsa yake nema. Shekara goma sha biyu ya yi yana wasa kusa da kaskon nan bai taɓa tambayar abin da ke ciki ba, yanzu ga shi da furfura yana marmarinta kamar ruwa a watan azumi.

Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya san haɗin, ƙanwar Tanna, Kadidiya, tana Barmu, tsufa ya kama ta. Da hutun bazara ya zo, Alƙasum ya hau motar kasuwa. Lokacin tawaye ne a arewa, hanya duk shingaye, a kowane shinge sai an karanta katinsa an ɗaga kai an dube shi saboda sunan mahaifinsa, irin na masu jin Tamashek da ke tawayen. Bai damu ba, hankalinsa na wani wuri.

Ya iske ta da hantsi a ƙarƙashin rumfa, yanar tsufa ta rufe mata ido, ta rame ta koma kamar yarinya. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta karkata kai tana sauraron muryar.

"Ɗan Tanna ne? Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Inna."

"To mi ya kawo ka? Kai ai sai gaisuwar mutuwa muke ganinka."

Maganar ta soke shi don gaskiya ce. Ya sha ruwa, aka gaisa, aka tambayi Jummai da yara, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Kadidiya ta yi dariya har ta yi tari.

"Namiji ba ya sa hannu cikin kaskon tsanwa. Ubanka shekara talatin yana zaune kusa da shi, ko leƙawa bai taɓa yi ba. Kai da ka yi boko har Damagaram, yanzu aikin mata ka zo nema?"

"Shi na zo nema, Inna."

"Babu."

Bai yi gardama ba, bai kuma koma Tawa ba. Ya shiga maƙerar ɗan kawunsa ya ari magagari, ya samo guntun tsohuwar tagulla, ya zauna yana gogawa, tunda wannan dai aikin maza ne ba mai hana shi. Hannun da ya saba da alli ya yi bororo. Da la'asar ya share garin ya ƙulle a tsumma, ya zo ya ajiye kusa da tabarmar Kadidiya. Ta lalubo ƙullin, ta murza garin tsakanin yatsu, ta ce ya yi kaushi, ta tura masa abinsa. Washegari ya sake gogawa da magagari mai ƙananan haƙora. Ta murza, ta tura ƙullin ƙarƙashin tabarmarta.

Rana ta uku da safe ta sa aka sauko mata da wani tsohon kasko daga saman rumfa, aka kawo mata nono mai tsami. Ta juya fuskarta wajen katanga ta yi magana da iska.

"Ni dai zan dama abina. Ido ba ni da shi, balle in san wanda ke kallo."

Alƙasum ya matso ya ciro littafi da biro daga aljihu. Ta ji ƙarar takarda.

"In na sake jin wannan abin na kife kaskon."

Ya mayar da sauri. Ta zuba garin tagulla, ta zuba nonon, ta barbaɗa gishiri, ta fasa ɗan farin sinadarin nan da maƙera ke liƙe ƙarfe da shi. Babu awo, da hanci take aiki, ta sunkuya ta shinshina ta ƙara wannan ta ƙara wancan. Da aka zo damawa sai hannunta ya kama rawa, kaskon na neman kifewa. Ta tsaya tana haki. 'Ya'yanta mata duk sun koma galura, jikokinta ko sunan abin ba su sani ba, ta daɗe da sanin haka. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "To, riƙe mini mana. Ko sai ya zube?"

Haka ya sa hannu cikin kaskon, hannunta a kan nasa tana juya shi, hagu zuwa dama, a hankali, har ruwan ya yi kauri ya fara wani wari mai kama maƙogwaro. Warin na shiga hancinsa sai ga tsakar gidansu ta dawo masa gaba ɗaya, da ƙarar guduma da muryar Tanna tana korar awaki. Ya kasa riƙe tambayar.

"Inna, ta taɓa yi miki zancen ranar da ta zo wurina lakwal?"

"Ta yi."

"Mi ta ce?"

"Ba ta ce komai ba da farko. Kwana uku ta yi tana dirzar hannunta da toka da yashi, har ya fashe. Bai fita ba. Sai ta ce to, haka Allah ya yi shi, ta koma bakin aikinta."

"Ta yi fushi da ni?"

"Ta ce yaro ne, in ya girma ya gane. Ka dama, kar ya kwanta."

Ya ci gaba da damawa hawaye na ɗiga a gemunsa, ya gode wa Allah da ba ta gani, ko da yake ta ji.

Da aka gama ta ce ya miƙo fatar da za a shafa wa. Ya ce ba fata ya kawo ba, ya ciro bayan wata ƙuri'a ya sa mata a hannu. Ta shafa ta, ta lanƙwasa, ta kai hanci.

"Wannan aba ba ta da nama. Tsanwa ci take yi, ɗan Tanna. Fata ce ke iyawa da ita, don tana da maiƙo. In ka sa ta a nan sai ta cinye ta."

Ya ce, "To, Inna." A ransa kuwa cewa ya yi tsohuwa ce, ba ta taɓa riƙe takarda ba, ina za ta san halinta. Ya shekara ashirin yana shafa fenti a takarda bai ga wanda ya ci ta ba. Kuma ina zai samo fatar da za ta ishi ɗalibai ɗari huɗu? Ka ji aikin mai ilimi. Ya yarda da ita a kan gishiri, ya yarda da ita a kan nono, amma da ta zo kan takarda sai ya tuna shi ne Mushe.

Ranar da ya kai tsanwa aji, ba a taɓa irinta ba. Da aka shafa ta fito fari-fari kamar ruwan wanki, yara suka fara gunaguni, ya ce a shanya a jira gobe. Washegari iska ta yi aikinta, takardu tamanin suka wayi gari da koren nan mai sanyi. Mansura ta cike gurbin da ta bari fari tun bara. Aka zana gonakin hatsi, da lambunan albasa, da kurna da gawo, wani ma ya yi wa jakinsu kore don kar a bar shi a baya. Ko dirakta sai da ya shigo ya tsaya yana gyaɗa kai, zancen ba wa malamin lissafi awa bai sake tashi ba.

Shi kuwa Alƙasum akwai takardar zane guda ta gaske da ya ɓoye tun zamanin akwatin Yamai. Ranar Lahadi da hantsi ya shimfiɗa ta a zaure ya zana Tanna. Fuskar ta ƙi zuwa, don haka ya yi ta a sunkuye kan aiki, mayafi ya rufe goshi, hannuwa biyu a gaba a buɗe. A kan hannuwan ya ƙare ƙwarewarsa, kowace tsaga, kowane farce, har tabon wuƙar. Ya shafa tsanwa, ta bushe, ya ƙara, ta bushe, ya sake ƙarawa don ta yi kauri yadda ya san ta. Jummai ta leƙo za ta yi tsiya, ta ga fuskarsa, ta ajiye masa fura ta koma ciki. Ya daɗe zaune a gaban zanen, ya faɗa wa Tanna abin da bai faɗa ba shekara talatin.

Ya sa shi a ƙasan akwatin ƙarfe a ɗakin ajiyar makaranta, ya jera na ɗalibai a sama, da niyyar in an gama jarrabawa a manna su a bango iyaye su zo su gani. Ba a kai ga jarrabawar ba. Yajin aiki ya sake tashi, aka garƙame makaranta da kwaɗo, mabuɗin ɗakin ajiya ya tafi ƙauye a aljihun mai gadi. Damina ta sauka da ƙarfi a shekarar, rufin ɗakin yana yoyo ba wanda ya sani. A tsakiyar daminar aka aiko daga Barmu cewa Kadidiya ta rasu. Ya je gaisuwa, a hanya yana tuna tambayarta ta wa ya mutu. Da zai dawo jikokinta suka ba shi kaskon, suka ce ita ta ce a ba shi.

Sai bayan girbi aka daidaita aka buɗe makarantu. Makon nan Alƙasum ya kwana biyu yana goga tagulla, ya dama sabuwar tsanwa a kaskon Kadidiya da hannunsa, shi kaɗai, da hanci, kuma ta yi. Ranar Litinin da safe ya karɓi mabuɗi ya shiga ɗakin ajiya yana ɗoki. Da ya ɗaga murfin akwatin wani warin danshi da tsatsa ya buge shi. Ya ɗauko takardar farko, ta Mansura ce. Jan ƙasar na nan, shuɗin sama na nan, karan hatsi na nan tsaye, amma duk inda ganye yake babu komai sai rami, bakinsa ya ƙone ya yi baƙi. Ya ɗauko ta biyu, kututturen kurna ne ba kai. Ta uku, kunyoyin lambu ne ba albasa. Jakin nan ma ya fita ya bar gurbinsa. Duk koren ya marmashe ya taru a ƙasan akwatin kamar garin taba.

Ya san abin da zai tarar a ƙasa, amma sai da ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana jinkiri. Tanna na nan a sunkuye, mayafinta bai yi komai ba, zanen da ta ɗaura bai yi komai ba. Hannuwan ne babu. Inda ya shafa sau uku nan ta fi ci, ta yanke su tsaf tun daga wuyan hannu, ta bar ramuka biyu masu yatsu biyar-biyar. An gaya masa, da baki aka gaya masa, kuma wadda ta gaya masa ba ta nan balle ya je ya ce ta yi gaskiya. Karo na biyu ke nan da ya goge hannun uwarsa da kansa.

Takardar ta yi laushi tana neman rabewa, sai ya sa tafin hannunsa ta baya ya tallafe ta, ya matsa wajen taga don ya ga ko akwai abin da ya saura. Nan ya tsaya. Ta cikin ramin, yatsunsa ne ke leƙowa, kore cikin farata, kore a duk tsagar tafi, saboda damun da ya yi jiya. Ya gyara su a hankali har kowane yatsa ya zauna a gurbinsa. Sun ɗan fi nata tsawo, amma faɗin tafin ɗaya ne, lanƙwasar ɗan ƙaramin yatsan ma ɗaya ce. Shekara arba'in da wani abu yana yawo da su bai taɓa lura ba.

Aka buga ƙararrawa. Ya kwantar da takardar cikin akwati ya rufe, ya wuce aji ba tare da ya tsaya wurin randa ba. Sabbin ɗalibai ne 'yan shekarar farko, ba su san shi ba. Yana ɗaga alli zai rubuta kwanan wata sai wani daga baya ya yi ƙus-ƙus, dariya ta bi layi har gaba.

"Mushe, mi ya samu hannunka?"

Ya ajiye allin. Ya jawo teburinsa tsakiyar aji, ya naɗe hannun riga, ya zauna ya shimfiɗa hannuwansa biyu a kai, tafi a sama.

"Na uwata ne," ya ce. "Ku matso ku kalla minti biyar, kar wanda ya taɓa gawayi. Yau su za ku zana."